Baƙaƙen layukan nan duniyoyi ne, ko mu ne dai muke so su zama?

Abu Nabila:
Assalamu alaikum jama'a. Ku kalli hoton nan da na ɗora, wallahi tun jiya na kasa daina kallonsa. Ba zane ba ne, ba aikin kwamfuta ba ne, hoton gaske ne na wani jaririn tauraro mai suna HL Tauri, na'urar ALMA da ke hamadar Atakama a ƙasar Chile ce ta ɗauko shi a 2014. Wannan jan abin mai kama da faifai ƙura ce take zagaye tauraron, baƙaƙen layukan da kuke gani a ciki kuma sababbin duniyoyi ne suka share wa kansu hanya. Wato mu ma haka tamu ta fara kenan. Allahu Akbar.

Kawu Iro:
Wa alaikumus salam. Abu Nabila na buɗe hoton, na ƙara masa girma har ya dishe, na sa tabarau na cire, ni dai ban ga duniya ko ɗaya ba. Baƙin layi na gani. Ina duniyar take?

Ɗan Auta:
Kawu ƙila da suka ji kai ne za ka buɗe suka ɓuya 😂

Abu Nabila:
Haba Kawu, ai ruwa ba ya tsami banza. In ka ga an share hanya tsaf a tsakiyar ƙura ai ka san wani abu ne ya bi ta wurin.

Kawu Iro:
Wani abu, na yarda. Kai kuma ka ce duniya. Tsakanin wani abu da duniya akwai tafiya.

Zainab M.:
Yaya Abu ka yi haƙuri amma a nan Kawu ya fi ka gaskiya, kuma akwai gyara guda biyu. Na farko hoton kwamfuta ta sa hannu a ciki sosai, don ALMA ba kyamara ba ce, faranti 66 ne na kama siginar rediyo aka jera a kan tudu mai tsayin mita 5,000, lokacin da aka ɗauki wannan hoton an warwatsa su har nisan kilomita 15 tsakanin wasu, sai kwamfuta ta haɗa abin da kowanne ya kama ya zama hoto ɗaya. Jan launin ma sa shi aka yi don idonmu, hasken da ƙurar take fitarwa ido ba ya ganinsa. Hakan bai mai da shi ƙarya ba, giɓin, wato baƙaƙen layukan nan, yana nan da gaske. Na biyu, har yau ba a ga duniya ko ɗaya ido da ido a cikin giɓin HL Tauri ba. Zato ne mai ƙarfi, amma zato.

Abu Nabila:
Tab. Ƙanwata kin kwance min zani a kasuwa tun da safe.

Maman Sadiq:
Ni kun yi min nisa. Dan Allah a fara daga farko, me ya sa ma abin ya zama faifai? Na ɗauka komai a sama ƙwallo ne, rana ƙwallo, wata ƙwallo, duniya ƙwallo.

Malam Sabo:
Hajiya tambayarki ita ce tushe. Tauraro daga gajimare yake fitowa, ba irin namu na ruwan sama ba, wani ƙaton gajimare ne na iskar gas mai sanyin gaske, yawancinsa haidirojin da hiliyom, da 'yar ƙura a ciki wadda ba ta wuce kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. In wani sashe nasa ya yi nauyi sai ya fara ruftawa cikin kansa. To dama yana ɗan juyawa kaɗan, kuma duk abin da ke juyawa in ya tsuke sai juyin ya ƙaru. Ki sa Sadiq ya zauna a kujerar ofis mai juyawa ya ware hannuwa, ki juya shi, sannan ki ce ya rungume hannun a ƙirji, za ki ga ya ƙara wuta ba tare da kin taɓa shi ba. Haka gajimaren yake yi. Abin da ke sama da ƙasa, wato ta wajen da sandar juyin take, ba abin da ya tare shi, sai ya faɗo. Abin da ke kunkumi kuma gudun zagayen ya hana shi faɗawa tsakiya, sai ya yi ta kewaye. Da haka ƙwallon yake lotsewa ya zama faifai, tauraro a tsakiya.

Shi ya sa duniyoyinmu takwas duk kusan a shimfiɗa ɗaya suke, kuma duk gefe ɗaya suke zagaya rana, ba wadda ta saɓa. Wannan ne ma ya sa Immanuel Kant ya yi hasashen faifan tun 1755, Laplace ya sake kawo shi a 1796, alhali ba wanda ya taɓa ganin ko ɗaya. Shi HL Tauri ɗin yana ɓangaren sama da kaza da 'ya'yanta suke, nisansa tafiyar haske ta shekara wajen 450.

Maman Sadiq:
Madalla, yanzu na kama. Kujerar ma na gwada da kaina, jiri nake ji 😅 To sai ƙurar ta yi ta haɗuwa a hankali har ta zama duniya ko? Da yayyafi kogi kan cika.

Malam Sabo:
To ai a nan gizo yake saƙar. Mu muna cewa sannu-sannu ba ta hana zuwa, a wannan harkar kam hanawa take yi. Faifan nan ba dawwama yake ba, shekara miliyan 'yan kaɗan ne, kafin a kai miliyan 10 kusan duk gas ɗin ya tafi, wani sashe tauraron ya shanye, wani sashe kuma haskensa ya kore shi. Miliyan 10 a kunnenmu da yawa, amma ki auna da shekarun rana, miliyan 4,567. Kuma Mushtari, wadda yaran yanzu suke kira Jufita, nauyinta ya ninka na duniyarmu sau 318, kusan duka gas ne. Ke nan dole ta gama girma kafin gas ɗin ya watse, in ta makara ba abin da za ta tarar.

Ɗan Auta:
Malam wa ya riƙe wa rana takardar haihuwa da har aka san 4,567, ba 4,566 ba?

Malam Sabo:
Ɗan Auta ba ka rabo da tsiya, amma tambayar tana da kyau. Duwatsun da ke faɗowa daga sama ne suka riƙe. Akwai wanda ya faɗo a Allende ta ƙasar Meziko ran 8 ga Fabrairu 1969, aka tsinci wajen tan 2 na gutsattsarinsa. In ka fasa za ka ga wasu fararen ɗigo-ɗigo a ciki masu kalsiyom da alminiyom, su ne abu na farko da ya fara daskarewa a faifanmu tun yana da zafi. Yuraniyom ɗin da ke cikinsu yana rikiɗa ya koma darma a ƙa'idar da aka sani, sai a auna nawa ya rikiɗa, lissafi ya fito. Daga nan ake fara ƙirga.

Injiniya Bash:
Ni matsalar lokaci ba ta dame ni ba kamar matsalar manne. Ƙwayar ƙurar nan ai ba ta kai kaurin gashi ba, kashi ɗaya cikin dubu na milimita muke magana. Duniyarmu faɗinta kilomita 12,700 da ɗoriya. Ninki goma sau 13 kenan tsakani. Ƙura da ƙura na yarda suna mannewa, kowa ya leƙa ƙarƙashin gado ya gani, tana dunƙulewa kamar auduga ba wanda ya sa mata gam. Amma ɗauki tsakuwa biyu ka haɗa su ka ga in za su manne. Ka jefa dutse kan dutse, ko ya yi tsalle ko ya fashe. To ta ina aka haye?

Ɗan Auta:
Wato ƙarƙashin gadona duniya ce ke tahowa, shi ya sa ban share ba. A faɗa wa Umma.

Zainab M.:
Injiniya ka taɓo inda masana suka fi shekara 30 suna kokawa. An gwada abin da ka faɗa a ɗakin bincike fa, Jürgen Blum da mutanensa a Jamus sun daɗe suna yi, har da hasumiyar nan ta Bremen mai tsayin mita 146 inda ake sako akwati ya faɗo, a 'yan daƙiƙun da yake faɗowa komai na ciki ba ya jin nauyi, sai a harba dunƙulen ƙura kan ɗan'uwansa kyamara tana ɗauka. Abin da suka gani shi ne ƙanana suna mannewa lafiya lau, da sun kai wajen milimita zuwa santimita sai su fara karo suna tsalle ba sa kamawa, in gudun ya wuce kamar mita 1 a daƙiƙa kuma sai su tarwatse. Mita 1 a daƙiƙa fa tafiyar ƙafa ce kawai.

Kuma wannan ma ba shi ne babban bala'in ba. Gas ɗin da ke faifan yana zagaya tauraro a hankali kaɗan fiye da yadda dutse zai zagaya, saboda shi gas yana da matsi da ke ɗan tallafe shi daga ciki, shi kuwa dutse ba mai tallafarsa, dole ya yi cikakken gudu. Bambancin ƙanƙani ne in aka auna da gudun kilomita 30 a daƙiƙa da ake yi a inda duniyarmu take, amma ga dutsen kamar kullum iska ce ke dukan fuskarsa da gudun kilomita 100 a awa ko fiye, ba dare ba rana. Sai ya yi ta rasa ƙarfi yana gangarowa ciki. Ƙura ƙarama ba ruwanta, tare da gas ɗin take tafiya. Dutse mai girman tsauni ma ba ruwansa, iskar ba ta iya shi. Na tsakiya ne ke shan wuya. Stuart Weidenschilling ya lissafa a 1977, dutse mai faɗin mita 1 a inda muke, cikin shekara kamar 100 ya gangara ya faɗa wutar tauraro.

Maman Sadiq:
Shekara 100 kacal? Innalillahi. To ai kafin ya girma an ƙone shi.

Kawu Iro:
Yauwa. Bari in taƙaita abin da na ji zuwa yanzu. Tsakuwa ba ta mannewa, in ta manne ta fashe, in ba ta fashe ba ta faɗa wuta. Ke nan bisa iliminku duniya ba ta yiwuwa. Ni kuma ga ni zaune a kanta ina danna waya.

Malam Sabo:
Hhhh Alhaji Iro ai haka muka karanta mu ma. A zamaninmu littafin Viktor Safronov na 1969 shi ne madogara, daga duwatsu masu girman kilomita ake kama mana lissafi a yi gaba, yadda aka kai kilomitar kuma sai a bi ta kai da sauri kamar mai tsallake kwata. Malama Zainab ke kika fi mu sabon karatu, ki kawo mana.

Zainab M.:
Malam rufa min asiri, a wajenku muka koya. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne iskar da ke kashe tsakuwar ita ce dai ta zo ta zama mai cetonta. Tsakuwa ɗaya iska tana wasa da ita. Amma in tsakuwa ta yi yawa a wuri ɗaya, ita ma tana tura gas ɗin gaba, tana jansa ya bi gudunta, sai dukan fuskar ya ragu, sai gangarowarta ta ragu. Waɗanda ke bayanta daga waje kuma suna nan suna gangarowa da gudu, sai su iske wannan cincirindon su shige ciki, ya ƙara yawa, ya ƙara rage gudu, ya ƙara tare wasu.

Injiniya Bash:
Tsaya tsaya, wannan ai shi ne abin da masu tseren keke suke yi. Mutum ɗaya iska ta gajiyar da shi, in suka dunƙule su hamsin na tsakiya kusan hutawa yake. Ko mai babur da ya laɓe a bayan tirela.

Zainab M.:
Shi ne wallahi. Ko go-slow, mota ɗaya ta rage gudu na baya su yi ta taruwa. Andrew Youdin da Jeremy Goodman ne suka fito da lissafin a 2005, Anders Johansen da abokansa suka nuna shi a kwamfuta a 2007. In cincirindon ya cika ya batse sai nauyin kansa ya rufta da shi gaba ɗaya, a samu dunƙule mai faɗin kilomita 100 ko kusa da haka kai tsaye. Ba a bi ta mita 1 ba, ba a bi ta mita 10 ba, tsallake wurin aka yi. Ba a buƙatar gam tunda nauyi ne ya riƙe su. Waɗannan su ne tubalan da ake gina duniya da su.

Kawu Iro:
'Yata kin iya bayani, Allah ya yi albarka. Amma kwamfuta abin da ka zuba mata shi take dawo maka da shi. An ga tubalin?

Zainab M.:
Amin Kawu. An ga ɗaya da ba a taɓa lalata shi ba. Ran 1 ga Janairu 2019 kumbon New Horizons, wanda ya wuce Fuluto a 2015, ya gifta wani abu can bayanta da aka sa wa suna Arrokoth. Tsawonsa kilomita 36, dunƙule biyu ne manne da juna, babba da ƙarami, kamar an ɗora kai a kan gangar jiki. Ku nemo hoton ku duba wuyan, inda suka haɗu. Ba fashewa, ba lotsewa, ba alamar karo. Launinsu ɗaya. In da daga wurare daban suka taho da gudu suka gwabza da ba haka za a gani ba. Lissafi ya nuna gudun da suka haɗu da shi bai wuce na mai tafiya a ƙafa ba, wato tare aka haife su cikin cincirindo ɗaya, suka yi ta zagaya juna har suka jingina. Can wajen ba cunkoso, shi ya sa sama da shekara biliyan 4 yana nan yadda aka bar shi.

Kawu Iro:
Na nemo na gani. To, wannan kam gani ya kori ji. Na karɓi tubali.

Abu Nabila:
Alhamdulillah a rubuta ranar, Kawu ya karɓi wani abu.

Injiniya Bash:
Amma daga kilomita 100 zuwa Jufita ma ai da sauran aiki. Agogon Malam fa yana tafiya.

Malam Sabo:
Tsohon bayani shi ne tubali ya yi ta cin tubali, babba yana jawo ƙarami, har a samu ƙwaya mai nauyin duniyarmu sau 10 ko kusa. Da ta kai nan sai ta fara riƙe gas, a hankali da farko, in nauyin gas ɗin ya kamo na ƙwayar sai abin ya ɓalle, ta yi ta zuƙa ba birki. James Pollack da abokansa suka yi lissafin da kowa ke ambato a 1996, sai dai a nasu Jufita ta ci wajen shekara miliyan 8, wanda ya yi wa faifai da yawa tsawo. Abin da ke taimako shi ne layin ƙanƙara. Kusa da rana zafi ya hana ruwa daskarewa, dutse da ƙarfe kawai ake samu, su ne Utarid da Zahra da mu da Mas. In ka wuce wajen ninki 3 na nisanmu da rana ruwa ya zama ƙanƙara mai tauri, kayan gini sun ƙaru. Jufita tana ninki 5, bayan layin kaɗan. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ita ta fara kaiwa ta kwashe kaso mafi tsoka, nauyinta ya ninka na sauran bakwai ɗin a haɗe sau biyu da rabi.

Zainab M.:
Sai dai Malam yanzu da yawa sun koma kan cewa ba tubali ta fi ci ba, tsakuwa ce. Kuma nan ma iskar ce dai. In ƙaton dutse ya zo wucewa kusa da jaririyar duniya, za ta ɗan lanƙwasa masa hanya ya wuce abinsa, sai in ya zo saiti. Amma tsakuwa in ta zo wucewa gas yana taka mata birki, ba ta da gudun tserewa, sai ta yi ta kewayawa tana matsowa har ta faɗa. Ke nan bakin jaririyar ya faɗaɗa nesa da jikinta, kuma abincin ba sai ta je nema ba, gangarowar nan da muka ce bala'i ce ita ke kawo mata shi daga wajen faifan har gida. Ormel da Klahr a 2010, sai Lambrechts da Johansen a 2012, su suka nuna ƙwayar za ta iya kammala cikin ƙasa da shekara miliyan 1.

Malam Sabo:
Ga Jufita da Zuhal ban musa ba. Amma kar a share tsohon karatu duka, duniyarmu ba ta gama ba sai bayan shekara miliyan gommai, gas ya daɗe da tafiya, kuma da karo ta gama, karon ƙarshe ma shi ya ba mu wata. Wannan ba aikin tsakuwa ba ne.

Zainab M.:
Wannan kam ana kan jayayya Malam, akwai masu cewa ita ma yawancin jikinta tsakuwa ce, karon ƙarshen ne kawai babba. Ni dai ban ɗauki ɓangare ba tukunna. Mas ce ta fi ba ni tausayi, cikin shekara miliyan 'yan kaɗan ta gama, ta tsaya a kashi 1 cikin 10 na nauyinmu, kamar yaron da ya daina girma a aji uku.

Injiniya Bash:
Ni fa ina ganin duk mun wahalar da kanmu. Tunda tauraro ruftawa ya yi ya samu, me zai hana wani yanki na faifan shi ma ya rufta ya zama Jufita lokaci ɗaya, ba ƙura ba tsakuwa ba tubali?

Malam Sabo:
An faɗa, Alan Boss ya farfaɗo da wannan ra'ayin a 1997. Yana yiwuwa amma sai faifan ya yi nauyi sosai kuma ya yi sanyi da sauri, wanda sai can nesa da tauraro ake samu. Akwai AB Aurigae b da aka sanar a 2022, ninki 93 na nisanmu da rana, ana cewa ƙila ta haka ta samu, kodayake wasu ma ba su yarda duniya ba ce, sun ce hasken tauraron ne ke dukan ƙura. Abin da ya sa ni ban bi ka ba Injiniya, an lura taurarin da suka fi yawan ƙarfe da sauran abubuwa masu nauyi su suka fi samun manyan duniyoyi irin Jufita. In da gas ne kawai ke ruftawa, ina ruwansa da yawan ƙura?

Injiniya Bash:
Hmm. Wannan ta shige ni. Na janye rabi.

Maman Sadiq:
Ni kuma abin da na tsaya a kai, in tsakuwa tana gangarowa, ita duniyar ba ta gangarowa?

Zainab M.:
Tana yi Anti, sosai ma. Tana tayar da igiya a gas ɗin kamar jirgin ruwa, igiyar kuma tana janta. Duniya ta farko da aka gano tana zagaya tauraro irin rana, 51 Pegasi b a 1995, wadda ta ba Michel Mayor da Didier Queloz kyautar Nobel a 2019, ƙatuwa ce ta gas mai wajen rabin nauyin Jufita amma kwana 4 take gama zagaye, manne take da wuta. Ba yadda za a yi a ce a nan aka haife ta, ƙaura ta yi. In kuma duniya ta yi girma sosai sai ta ture gas ɗin gefe da gefe ta buɗe wa kanta fili, a bakin filin ta waje kuma tsakuwa ta yi ta taruwa ta kasa wucewa, ya zama zobe mai haske. Wannan shi ne hoton da Yaya Abu yake gani a ransa.

Abu Nabila:
To ai kin dawo kan maganata kenan! Giɓi da zobe, duniya ce.

Zainab M.:
Duniya tana yin giɓi, amma ba kowane giɓi ne na duniya ba. Layin ƙanƙara ba na ruwa kaɗai ba ne, kowace iska da inda take daskarewa, kuma a wajen layin yadda ƙura ke mannewa yana canjawa, zai iya fitowa kamar zobe. Maganaɗisun da ke cikin faifan ma yana iya tara gas wani wuri ya rage wani wuri. Sannan duniya ɗaya tak tana iya buɗe giɓi biyu ko uku, don haka ko ƙirga layi ka ce ga adadinsu bai yiwuwa. Kuma HL Tauri bai wuce shekara miliyan 1 ba, abin da ya girgiza mutane a 2014 kenan, in duniyoyi ne to sun yi sammakon da ba a zata ba. A 2018 aka fitar da sakamakon faifai 20 da ALMA ta duba a shirin DSHARP, kusan duka da zobba da giɓi, amma da aka juya manyan madubai na hangen nesa kan irin waɗannan giɓin yawanci ba a ga kowa ba. Ƙila sun yi ƙanana ne, irin Neftun, ƙura ta rufe su.

Kawu Iro:
To a taƙaice min. Guda nawa aka kama da hannu dumu-dumu?

Malam Sabo:
PDS 70 ita ce ba gardama. Tauraro ne mai shekara wajen miliyan 5, nisan tafiyar haske ta shekara 370, da wawakeken giɓi a faifansa. A 2018 Miriam Keppler da tawagarta suka sanar cewa da aka rufe hasken tauraron da na'urar SPHERE a madubin VLT, shi ma a Chile, sai ga ɗigo mai haske a cikin giɓin, nisansa kamar na Yuranus da rana, zafinsa wajen digiri 1,000. A 2019 aka ga ta biyu. Kuma ba zaune suke ba, an kama irin jan hasken da haidirojin ke fitarwa in yana faɗawa kan abu da zafi, wato ana kallonsu suna ci.

Zainab M.:
Ta biyun ma a 2021 ALMA ta ga tana da nata ɗan faifan a jikinta, kayan da ke ciki sun isa a yi wata irin namu guda 3. Faifai cikin faifai. Sannan Kawu ka ƙara WISPIT 2b ta 2025, ita a cikin giɓi take zaune tsakanin zobba, a faifai mai zobe da yawa irin wanda Yaya Abu yake so. Akwai kuma na HD 163296 a 2018, su ba a gan su ba, gas ne aka ga ya karkace a wuri ɗaya kamar ruwan da ya ci karo da dutse a ƙarƙashi.

Kawu Iro:
Karkacewa ku riƙe abarku tukunna. Biyu na PDS 70 na karɓa, ta 2025 na karɓa, uku kenan. Na hoton Abu Nabila a ajiye min su a gefe, ran da aka ga ɗigo a kira ni.

Ɗan Auta:
Kawu kamar mai karɓar kaya a sito, sai ya ƙirga da hannunsa 😂

Abu Nabila:
Shi kenan na sallama. Na gyara rubutun da ke kan hoton, na cire "duniyoyi ne" na sa "ana kyautata zaton duniyoyi ne". Kawu duba ka gani ko ya yi.

Kawu Iro:
Na duba. Cire "kyautata".